Daga Lyon zuwa Maraɗi: shin matashi zai iya girma lafiya ba tare da nama ba?

Tun daga watan Nuwamban 2019 doka ta wajabta wa makarantun Faransa da ke ciyar da ɗalibai su dafa abincin da babu nama ko kifi a cikinsa aƙalla sau ɗaya a mako. Dokar EGalim ta 2018 ce ta kawo tsarin a matsayin gwaji na shekaru biyu, sannan dokar sauyin yanayi ta watan Agustan 2021 ta tabbatar da shi. Har yanzu iyaye da likitoci da ƴan siyasa ba su daina ja-in-ja a kansa ba. Tambayar da ke ƙarƙashin rigimar ta shafi gidajen Hausawa da dama, na Turai da na Afirka: shin yaro ko yarinya mai shekaru 12 zuwa 15 za su girma lafiya idan nama ya fita daga kwanonsu?

Rigimar Lyon

Taƙaddamar ta fi zafi a watan Fabrairun 2021, lokacin da magajin garin Lyon, Grégory Doucet na jam'iyyar masu kare muhalli, ya cire nama gaba ɗaya na wani lokaci daga abincin makarantun firamare na birnin. Dalilin da ya bayar shi ne annobar korona: abinci iri ɗaya ga kowa zai hanzarta rabo, ya rage cunkoso. An bar kifi da ƙwai. Duk da haka ministan cikin gida na lokacin, Gérald Darmanin, ya ɗauki matakin a matsayin cin fuska ga makiyaya da mahauta, shi kuma ministan noma Julien Denormandie ya zargi magajin garin da cusa aƙida a abincin yara. Manoma sun kai shanu da taraktoci ƙofar ofishin magajin garin. Kotu ta ƙi dakatar da tsarin.

Ga iyalan Musulmi mazauna Faransa, ciki har da ƴan Nijar da Kamaru da Chadi, batun na da wata fuska. A watan Disamban 2020 kotun ƙoli mai kula da shari'o'in gwamnati, Conseil d'État, ta yanke cewa ba dole ba ne makaranta ta tanadi wani abinci a madadin naman alade, kuma ba a haramta mata yin hakan ba. Da yake naman halal ba kasafai ake samunsa a makarantun gwamnati ba, iyaye da yawa kan rubuta wa ƴaƴansu abincin da babu nama. Irin wannan yaro yakan ci nama a gida da dare ko a ƙarshen mako, don haka lamarinsa ya bambanta da na wanda ya bar nama kwata-kwata.

Barin nama iri-iri ne

A nan ne muhawarar ke yawan cakuɗewa, domin abubuwa uku ake haɗawa da suna ɗaya. Akwai mai tsallake nama sau ɗaya ko biyu a mako. Akwai wanda ya bar nama da kifi amma yana shan nono yana cin ƙwai, wanda Faransawa ke kira végétarien. Sai kuma végan, wanda ba ya kusantar duk abin da ya fito daga dabba, ko nono ko ƙwai ko man shanu.

Kan rukunin farko babu saɓani tsakanin masana. Hukumar kula da lafiyar abinci ta Faransa, Anses, ta duba batun a 2021, ta kuma ce abincin makaranta marar nama na iya biya wa yara buƙatunsu muddin an tsara shi da kyau. Rukuni na biyu ma mafi yawan ƙungiyoyin likitoci sun amince da shi. Kan na uku ne kawuna suka rabu. Ƙungiyar masana abinci ta Amurka ta ce a 2016 ko da abincin végan ya dace da kowane mataki na rayuwa idan an tsara shi kuma ana shan bitamin B12. Kwalejin likitoci ta masarautar Beljiyam kuwa a 2019 ta ce bai dace da yara da matasa da masu juna biyu ba, sai da kulawar likita da gwajin jini a kai a kai.

Bincike ya nuna dalilin saɓanin. A Poland an auna yara 187 masu shekaru 5 zuwa 10, sakamakon da aka wallafa a 2021 ya nuna cewa ƴan végan sun fi sauran ƙarancin kitse mai cutarwa a jini, amma sun gaza su tsayi da kimanin santimita 3, ƙasusuwansu kuma ba su kai na sauran ƙwari ba. A Jamus wani bincike kan yara da matasa 401 masu shekaru 6 zuwa 18 bai ga wani haɗari na musamman ga masu barin nama ba, sai dai mafi yawan ƴan végan da ke cikinsa suna shan ƙwayar B12, kuma iyayensu masu hali ne da sanin abin da suke yi.

Abin da jikin matashi ke nema

Shekarun balaga lokaci ne da jiki ke gini da gaggawa. A cikinsu ne mutum ke samun kusan rabin nauyin da zai kai idan ya girma, da kusan rabin ƙwarin ƙashinsa. Abin da aka rasa a wannan lokaci ba duka ake iya ramawa daga baya ba.

Sinadarin gina jiki, wato furotin, wanda iyaye suka fi damuwa da shi, shi ne mafi sauƙin samu. Hatsi da wake idan suka haɗu suna cike giɓin juna, shi ya sa shinkafa da wake, ko waakye na Ghana wanda sunansa ma daga Hausa ya fito, ko ful da burodi a Sudan, suke riƙe jiki.

Matsalar ta fi yawa a sinadarin ƙarfe, wanda jiki ke haɗa jini da shi. Bisa ma'aunin hukumomin lafiya na Amurka, yarinya mai shekaru 14 zuwa 18 na buƙatar miligiram 15 a rana, namiji kuma 11. Bambancin ya zo ne daga jinin al'ada. Ƙarfen da ke cikin tsirrai ba ya shiga jiki da sauƙi kamar na nama, don haka ake ninka buƙatar mai barin nama sau 1.8, abin da ke kai yarinyar ga miligiram 27. Kofi ɗaya na dafaffen wake na ɗauke da kimanin miligiram 4.

Sai bitamin B12, wanda jijiyoyi da ƙwaƙwalwa da jini ke dogaro da shi. Matashi na buƙatar abin da bai wuce maikurogiram 2.4 a rana ba, amma babu ganye ko hatsi ko wake da za a dogara da shi wajen samunsa. Daga nama, hanta, kifi, ƙwai da nono yake zuwa. Kofin madara ɗaya na bayar da kusan rabin buƙatar yini, ƙwai ɗaya kimanin kashi ɗaya cikin biyar. Hanta na iya adana shi na shekaru, don haka ƙarancinsa kan ɓuya, sai daga baya a ga kasala, mantuwa, ko jin kamar kiyashi na tafiya a tafin hannu da ƙafa. Wani bincike a Holan ya gano cewa matasan da aka raina da abincin tsirrai zalla a ƙuruciya sun ci gaba da fama da ƙarancin B12 da raunin tunani ko bayan sun fara cin abincin dabba kaɗan-kaɗan.

Akwai kuma kalsiyam na gina ƙashi, wanda ɗan shekara 9 zuwa 18 ke buƙatar miligiram 1,300 a rana, da zink mai taimaka wa girma.

Waɗanda ba su zaɓa ba

A Turai matashi kan bar nama don tausayin dabbobi, ko damuwa da muhalli, ko abin da ya gani a TikTok. A Damagaram, Garwa, Abeche ko zangon Kumasi kuwa, matasa da yawa kan yi makonni ba su ga tsoka ba, kuma babu wanda ya tambaye su ra'ayi. Aljihu ne ya yanke hukunci. Wannan na faruwa ne a ƙasashen da ke cikin mafi arzikin dabbobi a nahiyar: ƙidayar Chadi ta 2015 ta gano dabbobi fiye da miliyan 90. Sai dai ga makiyayi garke jari ne da ajiya, ana kora shi kasuwannin Najeriya da na gaɓar teku, nama kuma yakan wadata ne a gida lokacin Layya, suna ko biki. Idan an samu ɗan kaɗan a miya, a gidaje da yawa kwanon maigida ake fara kaiwa, ƴan mata su tashi da romo.

Matashin Jamus da ya bar nama yana da madarar waken soya da aka ƙara wa kalsiyam, da ƙwayar B12, da likitan da zai gwada jininsa. Takwararsa ta karkarar Sahel tana da tuwon gero ko dawa da miyar kuka, safe da dare. Gero da dawa na ɗauke da ƙarfe, amma suna kuma ɗauke da wani sinadari da ke riƙe shi ya hana hanji tsotsa. Ga zazzaɓin cizon sauro da tsutsar ciki da ke ƙara cinye jini.

Alƙaluman hukumar lafiya ta duniya, OMS, na 2019 sun nuna kusan kashi 30 cikin ɗari na matan duniya masu shekaru 15 zuwa 49 na fama da ƙarancin jini, a Afirka ta Yamma kuwa kusan rabinsu ne. A Nijar, inda UNICEF ke ƙiyasta cewa ƴan mata uku cikin huɗu na yin aure kafin shekara 18, yarinya kan shiga cikin farko da jinin da ko ita kaɗai bai ishe ta ba. Hakan na ƙara haɗarin haihuwar jariri marar nauyi, da na rasa rai idan jini ya ɓalle wajen haihuwa. A aji kuma ƙarancin jini kan fito a matsayin barci da rashin natsuwa, har a ɗauka lalaci ne.

Abin da kasuwar gida ke da shi

Maganin bai tsaya ga nama ba, kuma mafi yawansa na nan a kasuwa. Awara, wadda ta zama abincin ƴan makaranta a Maraɗi da Kano da Tawa, na cike da furotin da ƙarfe. Haka ƙosai, alala, ɗanwake, ƙuli-ƙuli, riɗi, daddawa da kwaɗon zogale. Fura da nono, kindirmo da cukun wagashi na Benin da Togo da Ghana na kawo B12 da kalsiyam. Ƙananan busassun kifi da ake dakawa da ƙayarsu a zuba a miya na da arha, kuma suna rufe giɓi fiye da ɗaya.

Yadda ake sarrafa abincin ma na da tasiri. Jiƙa hatsi da wake, ko barin ƙullu ya yi tsami kamar na koko, na rage sinadarin da ke riƙe ƙarfe. Lemon tsami, gwaba, ɗanyen tumatir ko garin ƴaƴan kuka idan aka ci su tare da abinci suna ƙara yawan ƙarfen da jiki ke ɗauka. Shayi kuwa akasin haka yake yi. Samarin da ke zaman fada suna kurɓar shayi da zarar sun tashi daga kan kwano za su amfana idan suka jinkirta shi da awa ɗaya ko biyu.

Wasu gwamnatoci sun ɗauki mataki. Tun 2011 Kamaru ta wajabta ƙara ƙarfe, zink, folik asid da B12 a garin fulawa, kuma binciken da aka yi a Yaoundé da Douala ya nuna B12 ya ƙaru a jinin mata da yara. Amma gidan da ke dakan geronsa da kansa ba ya cin wannan moriya. Ghana ta fara a 2017 raba wa ƴan mata masu shekaru 10 zuwa 19 ƙwayar ƙarfe da folik asid sau ɗaya a mako, bisa shawarar OMS. Ƙwayar ba ta ƙunshi B12 ba, kuma mai ciwon sikila bai kamata ya sha ƙarfe ba sai likita ya gwada shi.

Inda hujjoji suka tsaya

Matashin da ya bar nama amma yana samun nono ko ƙwai kullum, da wake ko awara, da ganye da ƴaƴan itace, kuma yana ƙoshi, zai iya girma lafiya. Wanda ya bar har da nono da ƙwai dole ne ya riƙa shan B12, likita kuma ya riƙa bibiyarsa. Likitocin yara na kuma jan hankalin iyaye cewa wani lokaci barin nama kan zama mafakar yarinyar da ke neman rama da gangan. Idan nauyi na raguwa, al'ada ta ɗauke, ko jerin abincin da take ƙi na ƙara tsawo, a garzaya asibiti.

Ga hukumomin Yamai, Njamena, Yaoundé da Akara, aikin ya fi na Lyon nauyi. Makarantun kwana da shirye-shiryen ciyar da ɗalibai su ne wurin da ya fi sauƙi a kai ga matasa masu yawa a lokaci ɗaya, kuma ƙwai biyu ko uku a mako, ko ludayin nono, ko garin kifi a miya, ba su kai tsadar nama ba. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, kuma ƙashin da ba a gina a shekara 13 ba yana da wuyar ginuwa a shekara 30.