Kowa da komai a na'ura ɗaya, ranar da ta kwanta fa?

To, yanzu kuma lambar NIN ta zama lambar haraji. Tun da Shugaba Tinubu ya sa hannu a dokokin haraji a watan Yunin 2025 'yan boko suke ta tafi, wai ci gaba ya zo: banki, layin waya, fasfo, JAMB, haraji, duk a ɗaure su a rumbun bayanai guda na hukumar NIMC. Wanda ya yi tari kuwa, baƙauye ne.

Na yarda ni baƙauyen ne. Amma baƙauyen Kusada ya san garin da ya cike rijiyoyinsa ya bar guda ɗaya, ranar da guga ya faɗa kowa da ƙishi zai kwana.

A watan Fabrairun 2022 na'urar NIMC ta kwanta kwana da kwanaki. Kamfanonin waya suka kasa ba da sabon layi, wanda wayarsa ta ɓata ya kasa dawo da lambarsa, masu neman fasfo suka yi cirko-cirko. A Maris na 2024 wayoyin intanet na ƙarƙashin teku suka tsinke, bankuna suka rikice. Masu tafin sun manta. Mai POS a bakin titin Kano zuwa Katsina, nan cikin Kankiya, bai manta ba, shi ya wuni yana ce wa mutane "ba sabis".

Duk wanda ya taɓa haɗe rumbunan bayanai ya san tsarin. Kafin a kwashe, sai an auna nauyin da kowanne ke ɗauka a ranar da ya fi cunkoso, domin rajistar JAMB kaɗai tana iya shaƙe sauran. Sai an tanadi na'ura ta biyu a wani gari wadda za ta karɓa nan take, an kuma gwada ta. Sai an tace bayanan. Nan ne abin ya fi ci mini rai. Mutum ɗaya, banki ya rubuta Muhammad, kamfanin waya Mohammed, katin zaɓe Mamman. Tsohuwar da aka haifa shekarar fari, wani yaro mai kwamfuta ya yanka mata 1 ga Janairu. Da can kowane ofishi da kurensa, ana lallaɓawa. Yanzu na'ura ta ce ba su dace ba, a rufe layi, a rufe asusu, sai ta biya kuɗin mota da kuɗin gyara kan kuskuren da ba ita ta yi ba.

Za a ce ai tsaro ne. Tun Disambar 2020 Ministan Sadarwa na lokacin, Pantami, ya kawo haɗa layi da NIN, 'yan bindiga sun daina kiran waya suna cinikin kuɗin fansa? Za a ce ai tsimi ne. Tsimin wa? A 2024 sai ga wasu shafuka na sayar da bayanan mutane naira ɗari-ɗari.

Haka aka yi mana da tsarin biyan albashi na IPPIS. Shekaru ƙungiyar malaman jami'a, ASUU, tana cewa ba za a iya biyan albashin kowace jami'a daga na'ura ɗaya a Abuja ba, aka ce ɓarayi ne masu kare ma'aikatan bogi, 'ya'yanmu suka zauna gida wata takwas a 2022. A Disambar 2023 gwamnati da kanta ta amince a cire jami'o'in. Har yau ban ji wanda ya ba su haƙuri ba.