A Cire Ƙyallen Daga Kan Kwamfutocinmu

Ya ku 'yan'uwa malamai da iyalanmu, wata ɗabi'a ta zauna daram a ɗakunan kwamfuta na makarantunmu, daga Kurya Madaro har Ƙauran Namoda, kuma irin labarin da muke ji ke nan daga abokan aikinmu na Shinkafi da Zurmi. Da zarar saƙo ya fito a allo da Turanci, sai a ce na'ura ta lalace, a kashe ta, a lulluɓe da ƙyalle, a garƙame ƙofa. Bayan zango guda mai gyara ya zo, ya goge komai, ya ɗora Windows na jabu, ya karɓi kuɗinsa. Wannan ɓarna ce, kuma shirun da reshenmu ya yi a kanta ya isa.

Abin ya fi muni ga kwamfutocin da suka zo da Linux. Masu gyara da dama ba su san shi ba, kuma maimakon su faɗi haka, sai su ce wai ba ya yi a ƙasarmu. Alhali tsari ne da Linus Torvalds ya fara a Finlan a 1991, Ubuntu kuwa, nau'insa da ya fi yaɗuwa a wurinmu, Mark Shuttleworth ɗan Afirka ta Kudu ne ya assasa shi a 2004. Kyauta ne, babu kuɗin lasisi, babu sata. Jihar Kerala ta Indiya ta shafe shekaru tana tafiyar da makarantun gwamnati a kansa, tana horar da malamanta su kula da shi. Me malamin Kerala ya fi malamin Zamfara da shi, in ba horo ba?

Mu dubi saƙonnin da ke firgita mu. In allo ya ce "Permission denied", nufinsa ba ka da izinin taɓa wannan wuri sai da kalmar sirri ta babban mai kula. Ina kalmar take? Sau da yawa ɗan kwangilar da ya kawo kayan ya tafi da abarsa, ya ba mu gida ya riƙe makulli. "Could not get lock" yana nufin wani aikin sabuntawa na gudana, maganinsa galibi haƙurin 'yan mintuna ne. "No space left on device" kuwa rumbun ajiya ne ya cika, kuma duk mun san ba darussa ne suka cika shi ba.

Wanda ya fi ƙona mana rai shi ne "Read-only file system". Yakan biyo bayan ɗaukewar wuta ko mutuwar janareto ana tsakiyar aiki. Tsarin ya ga alamar lahani a rumbu, sai ya hana a ƙara rubuta komai domin ya tsare abin da ke ciki, har a duba shi da umarnin fsck. Wato na'urar tana gadin sakamakon jarrabawar ɗalibanmu ne, mu kuma mu ɗauko wanda zai shafe shi da hannunsa, mu biya shi lada! Haka nan tsohuwar kwamfuta da ke ƙin buɗe shafukan intanet tana kukan takardar shaida: a fara duba agogonta. Ɗan batir mai lamba CR2032, wanda bai fi kwabo faɗi ba, in ya mutu kwanan wata yakan koma shekarun baya.

Wasu za su ce a koma Windows a huta. Kamfanin Microsoft ya daina kula da Windows 10 tun 14 ga Oktoba, 2025, kuma yawancin tsofaffin kwamfutoci ba su cika sharuɗɗan Windows 11 ba. Wasu kuma su ce a bincika a intanet, kamar sun manta da Satumban 2021, lokacin da aka katse layukan waya a faɗin Zamfara. Abin da zai amfane mu ɗan littafi ne bugagge, da Hausa, a rataye a bangon ɗakin.

Ba lalaci ke hana malami gwadawa ba, tsoro ne: ya taɓa, abu ya ƙi, a ce shi ya ɓata, a yi barazanar yankar albashinsa. A halin nan kuwa JAMB ta koma kwamfuta gaba ɗaya tun 2015, jarrabawar TRCN da mu kanmu muke yi ma da kwamfuta ce. Yaron Kurya Madaro da bai taɓa riƙe linzamin kwamfuta ba sai ranar jarrabawa, alhakinsa na kan duk wanda ya rufe wannan ƙofa.

Saboda haka muna neman a miƙa kalmar sirri ga shugaban makaranta da malamin kwamfuta a rubuce, kada kuma a goge na'ura sai an kwashe abin da ke cikinta, kada a ci tarar malamin da ya yi gyara da kyakkyawar niyya. Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya tana Ƙauran Namoda tun 1983. Shugabannin reshe su je su nemi a shirya mana bita lokacin hutu. Kafin nan, kowace makaranta ta ajiye littafi kusa da kwamfuta, a riƙa kwafe saƙo harafi da harafi, da ranar da ya fito da abin da ake yi a lokacin. Wakilai su zo da littattafan a taro mai zuwa.