Ra'ayinmu: Yaron Da Ke Watsa Wasa, Ina Za Mu Kai Shi?

Babu malamin firamare a wannan reshe namu da bai san wannan yaro ba. An raba aji rukuni-rukuni domin wasan kwaikwayo a darasin Hausa, an naɗa wannan alƙali, an sa wancan mai ƙara, an ba wata rawar mai shaida, shi kuwa ya koma ƙarshen benci yana zane a kan tebur kamar abin bai shafe shi ba. Sai wasa ya fara armashi, kowa ya natsu, sannan ya zabura ya fizge rawanin alƙali, ko ya shiga kwaikwayon kukan akuya, aji ya kece da dariya, darasi ya watse. Abin da muka saba yi sananne ne: bulala, ko gwale-gwale, ko kuwa kalmar nan mai sauƙin faɗi, "Fita waje!" A zamanmu na baya a Daudawa an daɗe ana muhawara a kan wannan batu, shi ya sa muka ga ya dace mu bayyana matsayinmu a fili, domin malamai da iyaye baki ɗaya.

Matsayinmu shi ne, korar irin wannan yaro daga da'irar wasa ita ce mataki na ƙarshe, kuma ko an kai ga haka, dole ne a bar masa ƙofar dawowa a buɗe. Wanda ke jan ragamar wasa, wato malami, shi ke da alhakin gano abin da ya raba yaron da wasan tun farko, domin ruwa ba ya tsami banza.

Dalilinmu na farko shi ne halin da yankinmu yake ciki. Ba mu manta da daren 11 ga Disamba, 2020 ba, lokacin da aka kwashe ɗalibai fiye da 300 daga Makarantar Sakandaren Kimiyya ta Gwamnati da ke Ƙanƙara, sai a ranar 17 ga watan aka sako su. Kafin wannan rana da bayanta, makarantu da dama a ƙananan hukumomin Faskari da Sabuwa da Ƙanƙara sun sha zama a rufe saboda rashin tsaro, iyalai sun bar ƙauyukansu, yara sun rasa zango bayan zango na karatu. Yau a cikin ajujuwanmu akwai ɗan shekara 13 da ke zaune a aji huɗu tare da ƙannen bayansa, akwai wanda ya ga abin da bai kamata idon yaro ya gani ba. A garin da ke zaune lafiya, yaron da aka kora daga aji gindin dalbejiya zai koma ya jira a tashi. A wurinmu, wanda aka kora sau uku ko huɗu yakan daina zuwa gaba ɗaya, ya koma tasha ko kasuwa, kuma dukkanmu mun san akwai masu neman yaran da ba su da wurin zuwa. Dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta ba kowane yaro haƙƙin karatun shekara tara kyauta kuma dole, ba ta ware mai ƙiriniya ba.

Dalili na biyu shi ne, al'adarmu ta riga ta koya mana wata hanya. Idan azumi ya kai kwana goma, yara kan haɗa ayarin tashe ba tare da wani babba ya tsara musu ba, kuma mu da muka taso a cikin wannan wasa mun san ba a barin mai surutu a baya. Shi ake sa wa gemun auduga ya zama tsoho, ko a rataya masa tarkacen Jatau mai magani, domin bakinsa da rashin kunyarsa su ne ke jawo sadaka. Mai jin kunya a ba shi gwangwani ya yi kiɗa, mai riƙon amana a ba shi ajiyar abin da aka samu. Haka nan a kalankuwa bayan an kawar da amfanin gona, inda samari kan naɗa sarkinsu da alƙalinsu da 'yan dokarsu, mun sha ganin an ɗauki mafi taurin kai an ba shi sandar ɗan doka, sai ga shi shi ke tsawata wa masu hayaniya. Magabatanmu sun gane cewa ƙarfin da ke rusa wasa, idan aka ɗora masa nauyi, shi ne kuma zai riƙe wasan.

Wannan matsala ba mu kaɗai ta dama ba. A shekarar 1974 wasu mutum biyu a Amurka, Gary Gygax da Dave Arneson, suka fitar da wani wasa mai suna Dungeons & Dragons, wanda ya zama uban wasannin kwaikwayo na kan tebur. Mutum huɗu ko biyar kan zauna su kewaye tebur, kowa ya ɗauki rawar wani jarumi, mutum ɗaya ya zama jagora mai ba da labari kamar mai tatsuniya, sannan a jefa ƙwayoyi masu lambobi irin na ludo domin a san ko abin da ɗan wasa ya yi niyya ya yiwu. Har manya masu aiki da iyali suna yin sa, kuma kukan jagororinsu iri ɗaya ne da namu: ɗan wasan da ke latsa waya ana cikin labari, in layi ya zo kansa sai ya ce jaruminsa ya cinna wa kasuwa wuta, ya ɓata abin da sauran suka daɗe suna ƙullawa. Shawarar da gogaggunsu suka fi bayarwa ita ce a yi yarjejeniya kafin a fara, a yi magana da mutumin shi kaɗai a wajen wasa, kuma kada a huce haushi a kan jaruminsa a cikin labari. Idan manya na buƙatar wannan lallami, ina ga ɗan aji huɗu?

Saboda haka muna kira ga 'yan'uwanmu malamai da su gwada waɗannan matakai a wannan zango.

Na farko, a kafa ƙa'ida tare da yaran kafin a raba rawa. Su da kansu su faɗi abin da ya kamata: ba a katse mai magana, ba a taɓa kayan wani, kowa yana da layinsa. A rubuta a allo. Yaro ya fi jin nauyin dokar da ya ɗaga hannu aka kafa da shi.

Na biyu, in ya watsa wasa, a jira a tashi tara, a kira shi gefe a tambaye shi cikin natsuwa. Tsawa a gaban aji ita ce ladar da yake nema, domin a lokacin idon kowa na kansa. Abin da muka fi tararwa idan muka bincika shi ne ɗayan huɗu: ko dai bai iya karanta takardar da aka miƙa masa ba, ya gwammace a ce masa shaƙiyyi da a ce masa daƙiƙi, ko ya fito gida bai karya ba, ko kullum rawar ɗan kallo ake ba shi, ko kuma labarin wasan ya taɓo masa wani tabo. Wasan da ake kwaikwayon ɓarayi sun shigo gari da dare abin dariya ne ga wani yaro, ga wani kuwa daren da ya rasa mahaifinsa ne. Ya kamata mu yi hattara wajen zaɓen labari.

Na uku, a ba shi rawa mai nauyi wadda wasa ba zai tafi ba sai da ita. Wata malama daga cikinmu ta ba da labarin wani ɗan aji biyar da ya hana ta sakat duk ranar da aka yi wasan kasuwar auduga. Da ta zauna da shi sai ta gano ba ya iya haɗa baƙi, amma ya yi shekara biyu yana taya kawunsa awon hatsi, lissafin kuɗi a ka yake yi kafin 'yan ajin su buɗe littafi. Ta naɗa shi mai awo, ta ce duk cinikin da bai amince da lissafinsa ba bai faɗa ba. Ba ta ce mana ya zama waliyyi ba, har yanzu yana tsokana, amma tun daga ranar bai sake fashin makaranta ba, kuma shi da kansa ya nemi a koya masa rubuta lambobin da yake riƙewa a ka. Haka kuma a rage girman rukuni zuwa mutum biyar ko shida, a riƙa juya rawa, domin yaron da ya daɗe yana jiran layi shi ke neman abin yi.

Na huɗu, kada a hukunta shi ta cikin wasa. Wasunmu kan sa irin wannan yaro ya fito a ɓarawo ko a jaki domin a yi masa dariya ya ji kunya. Wannan babban kuskure ne. Sunan da aka liƙa wa yaro a wasa yakan bi shi har ƙofar gida, kuma wanda aka saba kira ɓarawo yana iya wayar gari ya ga ba shi da sauran mutuncin da zai kare.

Na biyar, a san iyaka. Sauran yaran ma suna da haƙƙi, kuma ba adalci ba ne a bar wake ɗaya ya ɓata gari. Idan ya kai ga duka ko ya ƙi jin magana bayan an yi duk abin da ya gabata, a zaunar da shi kusa da malami na zagaye ɗaya, a cikin aji, a faɗa masa lokacin da zai koma. In abin ya ci gaba, a sanar da shugaban makaranta, a gayyato iyaye, a sa kwamitin kula da makaranta na SBMC a ciki. Hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar.

Mun san abin da wasu 'yan'uwa za su ce, kuma gaskiya suka faɗa: yaya malami ɗaya zai zauna da yaro ɗaya alhali aji ya cika ya batse? Manufar ilimi ta ƙasa ta tanadi malami ɗaya ga ɗalibai 35 a firamare, amma a wasu ajujuwanmu adadin ya ninka haka. Don haka muke roƙon hukumar ilimi ta ƙaramar hukuma da hukumar SUBEB ta Jihar Katsina da su ƙaro malamai, musamman a makarantun da suka karɓi yaran da rashin tsaro ya koro, su kuma shirya mana bita a kan yadda ake tafiyar da yaron da ya shiga firgici. Sai dai kafin a amsa wannan roƙo, minti biyar a lokacin tara ba su fi ƙarfinmu ba.

Ga iyaye kuma, idan malami ya aiko kiranku, kada ku zo da bulala a hannu, kada kuma ku zo da faɗa. Ku zo da labarin yaron: yadda yake barci, abin da yake tsoro, abin da ya ƙware a kai a gida. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, kuma sau da yawa kalma ɗaya daga bakin uwa takan warware abin da malami ya yi zango guda yana lalube.

Allah Ya shirya mana zuri'a, Ya ba mu haƙurin riƙon amanar da aka danƙa mana, Ya kuma dawo da zaman lafiya a Daudawa da Faskari da Sabuwa da Ƙanƙara da ƙasarmu baki ɗaya, amin.