Jinin da kake tofarwa da asuba ba lafiya ba ce

1/ Jama'a, yau da masu "cire tsutsar haƙori" na tashi, da mu da muke miƙa musu kuɗinmu. Duk wanda in ya yi asuwaki yake ganin ja-ja a miyau ya ce ai ba komai, ya zauna ya karanta zaren nan har ƙarshe. Zan ɓata wa wasu rai, a yi haƙuri.

2/ Ranar kasuwa a nan Birnin Gwari na tarar da yayana zaune kan benci, baki wangame, wani mai lasifika yana yi masa turare ta mazurari. Can ya girgiza kwano, ya nuna masa wasu farare ƙanana a ruwa: "Ga su nan, bakwai cif!" Ya karɓe dubu biyu.

3/ Yayan nan nawa shekararsa 41. Haƙoransa biyu na ƙasa sun riga sun zube, ba dambe, ba hatsarin babur. Mutumin da ke tashi da tsire tsinke biyar, yanzu rake ma sai kallo. Da na yi magana, cewa ya yi: "Kai yaro ne, da idona na gan su."

4/ Yaya, babu wata tsutsa a haƙori. Tatsuniya ce tun zamanin Babila, kuma likitan haƙori na Faransa Pierre Fauchard ya yi watsi da ita a littafinsa na 1728. Abin da ke cikin kwanon, ko dai 'ya'yan tsiro ne da zafi ya fasa, ko kuma da kayansa ya zo.

5/ Ga abin da ke cin bakinka. Kankare haƙorinka da farce da safe, za ka ga wani farin datti mai yauƙi. Ƙwayoyin cuta ne jibge, ido ba ya ganin su. In ya kwana biyu ba a goge ba, sai ya daskare ya zama tsatsa a gindin haƙori. Daga nan buroshi ya gaza.

6/ Dasashi ya kumbura, ya yi ja, ana taɓawa jini. Baki ya fara wari, abokai suna kau da kai, ba mai gaya maka. A wannan gaɓar ana warkewa sarai. Matsalar ita ce ba ya ciwo, mu kuma abin da bai hana mu barci ba, ba ma kiran sa cuta.

7/ In an ƙyale, dasashi ya janye, rami ya buɗe tsakaninsa da haƙori, ƙashin da ke riƙe da haƙorin ya fara zaizayewa kamar gaɓar rafi da damina. Haƙori ya yi tsawo, ya fara girgiɗi, ya faɗi. Ƙashin da ya tafi ba ya dawowa da kansa.

8/ Rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2022 ya ce mutane kusan biliyan 1 ke fama da matsanancin ciwon dasashi. Ba cutar ƙauye ba ce. Bambancin kawai, wasu na zuwa a wanke musu haƙori, mu kuma sai ranar cirewa muke neman likita.

9/ Na san masu cewa: "Kakanninmu asuwaki kawai suka sani, haƙoransu garau." To, je ka majalisar dattawa ka ƙirga wawulo. Asuwaki sunna ne, kuma yana aiki, amma in an bi kowane haƙori ciki da waje. Ba a saƙala shi a gefen baki ana hira ba.

10/ Sai masu cewa wankin haƙori a asibiti yana sa giɓi da girgiɗi. A'a. Giɓin yana nan tun tuni, tsatsa ce ta toshe shi kamar siminti. Kada a ɗora wa mai shara laifin ramin da ya gano a tsakar gida.

11/ Mu zo kan abin da muke yi wa kanmu. Ruwan batir. Fetur. Danna asfirin a kan dasashi, wanda ƙona naman yake. Sayen Flagyl ƙwaya huɗu a kemis duk sanda baki ya kumbura. Sakace da reza ko allura. Wallahi wani abin ko maƙiyi ba zai maka ba.

12/ Samari masu sigari da shisha, ku ne kan gaba a haɗari. Taba na matse hanyoyin jini, sai dasashi ya daina zubar da jini alhali yana lalacewa. Mai ciwon suga ma ya kula: suga na tsananta ciwon dasashi, shi kuma yana hana suga sauka. Masu juna biyu, ku ma ku lura.

13/ Yanzu wani zai ce: "Malam, mutanen da suka yi shekaru ba sa iya zuwa gona saboda 'yan bindigar daji, su za ka yi wa zancen haƙori?" Eh, su ɗin. Domin inda yunwa ta shiga, ciwon dasashi kisa yake.

14/ Akwai cutar da ake kira noma, ba noman gona ba. Ta fi kama yara 'yan shekara 2 zuwa 6 masu tamowa, sau da yawa bayan ƙyanda ko zazzaɓin cizon sauro. Daga ɗan gyambo a dasashi take farawa, cikin kwanaki ta huda kumatu, ta ci leɓe da hanci.

15/ In ba magani, tana iya kashe 9 cikin 10. Amma in an gano ta tun tana dasashi, maganin kashe ƙwayoyin cuta daga asibiti, tsaftar baki da abinci mai gina jiki sun isa. Mu kuwa sai a ce iska ce, a yi ta hayaƙi har fuska ta tafi.

16/ A Sakkwato akwai asibiti guda na yara masu noma tun 1999, kuma likitocin MSF na aiki a can tun 2014, kyauta. Najeriya ce ta jagoranci neman a sa noma cikin jerin cututtukan da aka yi sakaci da su, Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince a Disambar 2023.

17/ To hukuma, ga tambaya. Uwar da ke Randagi, Kakangi ko Dogon Dawa, ina za ta kai yaron da bakinsa ke wari? Kaduna ta fi kilomita 100, kuma kowa ya san abin da hanyar nan ta zama a shekarun baya. Shi ya sa mai lasifika ke cin kasuwarsa: shi ne a kusa.

18/ A Nuwambar 2024 Gwamna Uba Sani ya zo ya buɗe kasuwar shanu, mun yi murna. Saura a tuna da bakin masu shanun. Mazaɓu 11 gare mu. A koya wa ma'aikatan kowane ƙaramin asibiti buɗe bakin yaro ranar rigakafi da awon tamowa. Minti ɗaya ne.

19/ Namu aikin kuma: goge baki sau 2 a rana, minti 2, na dare ya fi muhimmanci. Buroshi mai laushi, makilin mai fulorayid, a canza buroshi duk wata 3. In jini ya fito kada ka daina, ci gaba a hankali. Ya wuce sati biyu, nemi likitan haƙori, ko da Barau Dikko ne ko Shika.

20/ Yau da dare kunna fitilar wayarka, ka ɗaga leɓen ƙaninka ko 'yarka. Ka ga ja, kumburi, gyambo ko wari mai ƙarfi, musamman ga yaron da ya rame, asibiti gobe da sassafe. In kumatu ya kumbura, a daren za a tafi.

21/ Yayana har yanzu yana fushi da ni, amma ya yarda mu je a duba sauran. Ku tura wa mai cewa da idonsa ya ga tsutsa. Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, Ya dawwamar mana da zaman lafiya.