Wai Ni Ne Mai Bautar Rana?

Jama'a 'yan uwana mazauna kurmi, na nan Legas da na Ibadan da Shagamu har zuwa Fatakwal, yau da ɓacin rai na zauna yin rubutun nan, don haka duk wanda ya ji na yi zafi ya yi mani afuwa. Mako uku ke nan ana yawo da ni a bakin mutane a unguwarmu, wai ɗan Alhaji mai albasa ya shiga addinin Indiyawa, wai an gan shi da sassafe yana yi wa rana sujada. Magana ta tashi daga rumfa ta shiga majalisa, daga majalisa ta shiga gidaje, har ta kai gidan da ake nema mani aure. Na yi shiru har na gaji, na ga idan ban yi bayani ba shirun nawa ne zai zama shaida a kaina.

Bari in fara daga farko. A nan Legas aka haife ni, mahaifina dillalin albasa ne a kasuwar Mile 12, kuma tun ina sakandare nake zuwa taya shi in an tashi daga makaranta. Duk wanda ya taɓa sauke buhun albasa daga tirelar da ta taso daga Aliero ya san abin da nake nufi in na ce nauyi. Ban kai shekara 25 ba bayana ya fara ciwo, ciwon da in na yi ruku'u sai na dafa gwiwa da ƙarfi kafin in iya ɗagowa. Na sha haɗin kemis, na sha na gargajiya, an yi mani ƙaho, duk sai ya lafa kwana biyu ya dawo. Da abin ya ishe ni na tafi asibiti, aka ɗauki hoton bayan aka ce babu karaya babu gocewa, aka tura ni sashen gashi. A can ne wata ma'aikaciya Bayarabiya ta koya mani wasu motse-motse, ta ce in riƙa yi minti 20 kullum, kuma ba ta ɓoye mani ba, ta ce wasunsu daga yoga aka ɗauko su.

Ga abin da nake yi, don kada a ƙara wa miya gishiri. Nakan durƙusa kamar mai rarrafe, in tura bayana sama kamar kyanwa ta ga kare, in sake shi ƙasa a hankali. Nakan kwanta rub da ciki in ɗaga ƙirji hannuwana na dafe da tabarma. Nakan kwanta rigingine in jawo gwiwoyi zuwa ƙirji. Sai na ƙarshe, in zauna a kan dugadugaina in miƙa hannuwa gaba har goshina ya kusa ƙasa, ina jan numfashi ina saki sannu a hankali. Wannan na ƙarshen ne wani bawan Allah ya hango ta bayan rumfa bayan sallar asuba, gari ya fara haske. Bai yi mani sallama ba, bai tambaye ni ba, ya wuce ya kai labari.

Da yamma Baba ya kira ni. Ya ce, "Kai, zo nan ka zauna. Me nake ji a gari?" Na ce, "Baba, wallahi motsa jiki ne, a asibiti aka koya mani saboda bayana." Ya yi shiru can, sai ya ce, "To me ya kai goshinka ƙasa ba a cikin salla ba, kuma daidai fitowar rana?" A gaskiya tambayar nan ta Baba tana kan hanya, kuma ita ce ta sa na koma na yi bincike. Shi ya tambaya don ya sani. Wanda ya kai gulmar kuwa bai nemi sani ba.

Abin da na gano zan faɗe shi yadda yake, ko da wani ɓangarensa bai goyi bayana ba. Yoga daga ƙasar Indiya ta fito, kuma asalinta ba wasan motsa jiki kawai ba ne. Kalmar ta harshen Sanskrit ce, tana nufin haɗawa ko ɗaurewa. Wani malaminsu na da can mai suna Patanjali ya kasa ta kashi 8, kuma zaman jiki da tsayuwarsa kashi ɗaya ne kawai, na uku a jerin. Sauran sun shafi tarbiyya da numfashi da tattara hankali, har zuwa wani matsayi da suke nema a aƙidarsu. Akwai kalmar da suke maimaitawa, Om, wadda take da tsarki a addininsu. Akwai kuma wani jerin motsi 12 da suke kira Surya Namaskar, ma'anarsa gaisuwa ga rana. Duk Musulmin da ya ji wannan dole gabansa ya faɗi, domin kuwa mun san an hana mu ko da nafila daidai lokacin fitowar rana da faɗuwarta, don kada mu yi kama da masu bauta mata. Saboda haka wanda ya ce a yi hattara da yoga bai yi ƙarya ba.

Amma hattara daban, kafirta mutum daban. Malaman ƙasashen da suka fi mu zama kusa da mabiya addinin Hindu sun zauna a kan wannan magana tun kafin ta iso gare mu. A 2008 majalisar fatawa ta ƙasar Malesiya ta haramta wa Musulmi yoga saboda surkulle da bautar da ke cakuɗe da ita, aka yi ta ce-ce-ku-ce, har Firayim Ministansu na lokacin, Abdullah Badawi, ya fito ya ce Musulmi na iya yin motsa jikin muddin babu surkullen. A watan Janairu na 2009 majalisar malamai ta Indunusiya, ƙasar da ta fi kowace yawan Musulmi a wancan lokaci, ta rarrabe abin: wadda take da ibadar Hindu a ciki haramun ce, wadda take motsa jiki zalla ta halatta. A 2017 Saudiyya ta amince a riƙa koyar da ita a matsayin wasan motsa jiki. Ban ce aikin wata gwamnati hujja ce a addini ba, kuma na san akwai malaman da suka ce a bar ta gaba ɗaya don toshe ƙofa, ina kuma girmama ra'ayinsu. Abin da nake cewa shi ne mas'ala ce da masu ilimi suka yi saɓani a kanta bayan sun yi nazari. Ta yaya wanda ya leƙo ta bayan rumfa na minti ɗaya zai yanke hukuncin da manyan majalisu suka kwana suna tattaunawa?

Kuma sanin abin wasu mutane ba sabon abu ba ne a wurin Musulmi. Kusan shekara 1000 da suka wuce babban masanin nan Al-Biruni ya koyi harshen Sanskrit, ya fassara littafin Patanjali ɗin nan zuwa Larabci, kuma har yau sunansa yana cikin jerin masanan da muke alfahari da su. Sannan masu bincike sun nuna cewa yawancin lanƙwashe-lanƙwashen da ake kira yoga a yau ba su da wani tsufa sosai. An tsara su ne a ƙarni na 20, musamman a birnin Mysore a shekarun 1930 a hannun wani malami Krishnamacharya, aka gauraya su da atisayen 'yan kokawar Indiya da na Turawa. Mu ma a gida muna da misali. Dambe da kokawa cike suke da layu da guraye da shaye-shayen asiri, amma wa ya taɓa cewa duk wanda ya naɗe hannu ya bar Musulunci? Cewa ake yi ya cire layar.

Yanzu ga inda raina ya fi ɓaci. Ku shiga masallatanmu na nan kurmi ku dubi bayan sahu. Ku ƙirga kujerun roba. Lokacin da nake yaro ɗaya ce ko biyu, ta tsoho tukuf. Yau sai ka ga jeri guda, kuma cikin masu zama a kai akwai waɗanda ba su kai 60 ba. Baba yana cikinsu. Shekara 3 ke nan goshinsa bai taɓa ƙasa a salla ba, saboda baya da gwiwa, kuma na sha ganin yadda yake kallon masu sujada. Allah Ya yi rangwame ga mara lafiya, wannan gaskiya ne. Amma wa ya ce sai mun kai kanmu ga rangwamen da hannunmu? Ɗan kasuwarmu ko dai yana ɗauke da kayan da ya fi ƙarfinsa, ko yana zaune a benci tun safe har magariba, ga shayi mai sukari kofi bayan kofi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce mutum miliyan 619 ne suka yi fama da ciwon ƙasan baya a 2020, kuma shi ne kan gaba wajen nakasa mutane a duniya. A 2017 ƙungiyar likitoci ta American College of Physicians ta ba da shawarar mai daɗaɗɗen ciwon baya ya fara da motsa jiki, har ta ambaci yoga da suna, kafin ya koma ga ƙwaya.

Mu kuwa ƙwayar muka zaɓa. Kowa a kasuwa ya san abin da yaranmu 'yan dako suke haɗiya da asuba don kada su ji nauyin kaya. Binciken da hukumar ƙididdiga ta ƙasa ta yi tare da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi ya nuna a 2018 'yan Najeriya miliyan 14.3 ne suke ta'ammali da ƙwaya, miliyan 4.6 daga ciki irin su tramadol suke sha ba da izinin likita ba. A gabana wani abokina da muka taso tare ya faɗi da buhu a ka yana shure-shure, kumfa na fita a bakinsa. Aka yayyafa masa ruwa, aka ce iska ce, washegari ya koma dako. Ban ji wanda ya tashi ya je gidansu ba, ban ji an yi majalisa a kansa ba. Amma ni da na shimfiɗa tabarma don in tsere wa wannan ƙwayar, ni ne labarina ya kai gidan surukai. Haba jama'a! Mutumin da ya kai gulmata ma, na san a ɗakinsa ana kwana kallon finafinan Indiya, ana nuna gunki ƙiri-ƙiri ana kewaya shi da fitila, bai taɓa kashe talabijin ba.

Kada kuma 'yan bokonmu su ɗauka ina tare da su ɗari bisa ɗari. Akwai masu zuwa wuraren koyon yoga na masu kuɗi a Lekki da Ikoyi, a kunna turare, a rufe ido, a ce kowa ya maimaita Om don samun natsuwar ruhi, su kuwa su bi don kada a ce ba su waye ba. Wannan ban yarda da shi ba ko kaɗan. Akwai kuma masu cewa ai salla ma yoga ce, tunda akwai ruku'u da sujada. Subhanallah! Salla umarnin Allah ce, ko da ba ta ƙara wa jiki komai ba za mu yi ta. Wanda yake neman natsuwar zuciya ga zikiri, ga karatun Alƙur'ani, ga tsayuwar dare, ba mu rasa komai ba balle mu je aro. Abin da na aro shi ne dabarar miƙe jijiya, kamar yadda muke shan maganin da aka sarrafa a Indiya ba tare da mun tambayi addinin mai masana'antar ba. In akwai wata riba da ruhina ya samu, to ita ce yanzu nakan yi ruku'u in daidaita bayana in natsu, hankalina yana kan tasbihi maimakon kan ciwo. Ga wanda ya ɗanɗani salla cikin raɗaɗi, wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Saboda tambayar Baba na gyara abubuwa uku. Na daina yi da hantsi ko fitowar rana, na mayar da shi bayan isha'i a cikin ɗaki. Ba na yin jerin gaisuwar ranar nan, ban ma taɓa koyonsa ba. Sannan motsin nan na ƙarshe nakan sa matashi a ƙarƙashin ƙirji in juya fuskata gefe, don kada ya yi kama da sujada ko a idona. Na kai wa limaminmu bayanin duka, na nuna masa a gabansa, ya ce in ci gaba da neman lafiyata in kiyaye iyaka, kuma shi da kansa ya taka zuwa gidan su yarinyar. Allah Ya saka masa da alheri. Har yanzu dai ba su ba da amsa ba, muna jira.

Ga mai son gwadawa, shawarata ya fara zuwa asibiti. In ciwon yana sauka ƙafa da sanyin jiki ko mutuwar ƙafa, ko fitsari yana kufce maka, wannan ya wuce tabarma, ka nemi likita a ranar. Mai hawan jini ma kada ya ajiye maganinsa ya ce ya samu motsa jiki. Wanda kuma zuciyarsa ba ta kwanta da sunan yoga ba, ya bar ta, ya yi tafiyar ƙafa, ya yi guje-guje, ai Manzon Allah (SAW) ya yi tsere da Nana A'isha, ya kuma yi kokawa da Rukana. Ni dai roƙona biyu ne. Shugabannin zangonmu su taimaka a samu ma'aikacin gashi ya riƙa zuwa yana koya wa 'yan dako da dattawa yadda za su kula da bayansu. Sannan duk wanda ya ga ɗan uwansa yana wani abin da bai gane ba, ya yi sallama ya tambaya kafin ya kai gaba, domin jifan Musulmi da shirka ba wasa ba ne.

Shekaranjiya da dare Baba ya leƙo ɗakina ya same ni a kan tabarma. Ya daɗe a tsaye bai ce komai ba, sannan ya ce, "Wannan na jawo gwiwar, mai shekaruna zai iya?" Na ce, "Baba, sai mun je an duba ka tukuna." Ranar Litinin za mu je in Allah Ya kai mu. Ku taya mu da addu'a, Allah Ya sa ya sake kai goshinsa ƙasa, Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, Ya kuma tsare mana imaninmu a wannan zama na kurmi, amin.

Wassalam. Naku, ɗan mai albasa.