Afuwa Ga Manya, Tabo Ga Talaka

Tun da Shugaba Bola Tinubu ya yi wa Faruk Lawan afuwa a watan Oktoban 2025, muke jiran mu ji wani mai faɗa a ji a Kano ya tuna da ɗimbin 'yan jihar nan da su ma suka gama cin sarƙa, amma har yau hukuncin bai sake su ba. Har yanzu jira muke.

Ba mu yi wa tsohon ɗan majalisar baƙin ciki ba. An ɗaure shi kan cin hancin dala 500,000, ya cika wa'adinsa ya fito a 2024, sannan ya samu masu kai sunansa inda ake wanke mutum. Haka aka wanke tsohon gwamna Alamieyeseigha a 2013, haka aka yafe wa tsofaffin gwamnoni Dariye da Nyame a 2022, kuma ba mu manta ba. Cikakkiyar afuwa irin wannan tana shafe hukuncin ne gaba ɗaya, mutum ya koma kamar bai taɓa tsayawa gaban alƙali ba. To yaron Yakasai ko na Ɗandago da ya yi wata shida a gidan yarin Kurmawa kan wayar hannu, wa zai kai nasa sunan?

Duk wanda ya taɓa zama a harabar ƙananan kotunan birnin nan ya san yadda abin yake faruwa. A sauke matasa daga mota, babu lauya, wani lokacin ko iyayensu ba su san inda suke ba. Wani ya raɗa wa yaro cewa ya amsa laifi kawai, a ci shi tara ya tafi gida. Sai ya amsa. Tarar ta gagara, ya wuce gidan yari. Wa'adin ɗaukaka ƙara gajere ne, yakan ƙare yana ciki, bai ma san akwai shi ba. Lauya zai iya roƙon kotu ta ƙara masa lokaci, ya nemi a soke hukuncin idan an yanke shi ba bisa ƙa'ida ba, amma gidan da ya kasa biyan tara ina zai samo kuɗin lauya?

Ranar da ya fito ne ɗaurin gaske yake farawa. Aikin ɗan sanda ko soja ya haramta gare shi. Takardar shaidar hali ta 'yan sanda, wadda ake nema wajen aiki ko fita waje, ta zama abin fargaba. Mai adaidaita sahu ba zai ba shi makulli ba, maigida a Kantin Kwari ba zai bar masa shago ba. Idan ya je neman aure, masu bincike su isa wajen mai unguwa, a ce musu ai ya taɓa shiga, magana ta mutu a zaure. Sannan mu dawo muna mamakin yadda 'yan daba ba sa rasa sababbin yara.

Dokar 2019 da ta mayar da gidajen yari gidajen gyaran hali ta tanadi takardar shaidar kyakkyawan hali ga wanda ya gyaru, ta kuma hana a nuna wa mai riƙe da ita wariya. Muna ƙalubalantar hukumar gidajen gyaran hali ta faɗa wa Kanawa mutum nawa ta ba wannan takarda daga Kurmawa da Goron Dutse. Hukumar ba da tallafin shari'a kuwa, tun 1976 take, an sabunta dokarta a 2011, amma lauyoyinta ba su ishi masu jiran shari'a ba ma, balle wanda ya riga ya fito.

Za a ce jama'a na da haƙƙin sanin wanda ya taɓa aikata laifi. Haka ne, kuma ba mai kisa ko fyaɗe muke roƙa wa ba. Ingila tun 1974 take da dokar da ke sa ƙananan hukunce-hukunce su faɗi bayan wasu shekaru, Afirka ta Kudu na ba da damar neman goge ƙaramin laifi bayan shekara goma. Mu da addininmu ya buɗe ƙofar tuba mu ne ba mu da irinta.

Sashe na 212 na Kundin Tsarin Mulkin 1999 ya ba gwamna ikon yin afuwa kan laifukan da suka shafi dokar jiha, har ga wanda ya riga ya gama zamansa. Abin da muka saba gani shi ne biyan tara da azumi ko da Sallah, a ɗauki hoto, a ba kowa kuɗin mota. Wannan alheri ne, amma fitarwa ce kawai, sunan yana nan a littafi. An kuma sanar da shirin mayar da Kurmawa, ginin 1910, gidan tarihi, a kwashe mazaunansa zuwa Janguza. Za a gyara wa ginin suna, mutanen da suka fito daga cikinsa kuwa babu wanda ya ambace su.

Muna kira ga Gwamna Abba Kabir Yusuf da ya umarci kwamitin afuwa ya fara karɓar takardun waɗanda suka gama wa'adinsu, a buɗe teburi a cikin gari mai lauyan da ba a biya, inda mai ƙaramin laifi zai shiga da ƙafarsa ba sai ya san kowa ba. Ƙungiyar lauyoyi reshen Kano ta ba da mutane. Majalisar dokokin jiha kuma ta yi dokar da za ta goge ƙaramin hukunci bayan shekarun da ta ƙayyade, matuƙar mutum bai sake ba. Ikon yana hannunku, ba sai an je Abuja ba. A buɗe wa talaka ƙofar da aka buɗe wa Faruk Lawan.