Darajar Tsohon Kuɗi Ba a Ƙarfensa Take Ba

Senti shi ne mafi ƙanƙantar kuɗin ƙarfe a Amurka, domin sai an tara guda ɗari ake samun dala ɗaya. Duk da haka, a shekarar 2010 an sayar da wani senti guda na 1943 a kan dala miliyan 1.7. Wasu na kallon irin wannan ciniki a matsayin almubazzarancin masu hannu da shuni. A ganina, abin da masu tara tsofaffin kuɗi suke saye shi ne tarihi, kuma akwai darasi a nan ga duk mai shirin zama malami.

An fara buga senti a birnin Filadelfiya a 1793, da zanen sarƙa a bayansa don nuna haɗin kan jihohi. Jama'a suka ƙi wannan zane saboda yana tuna musu da bauta, aka sauya shi a shekarar. A 1909 aka sanya hoton Shugaba Abraham Lincoln don cikarsa shekara ɗari da haihuwa, da zangarniyar alkama biyu a baya. Mai zanen, Victor Brenner, ya sa haruffan sunansa, aka yi ta ƙorafi har aka cire su cikin 'yan kwanaki. Guda 484,000 kacal aka buga da haruffan a San Faransisko, shi ya sa ake rububinsu har yau.

Haka kuma, a 1943 Yaƙin Duniya na Biyu ya sa ana bukatar jan ƙarfe don kayan yaƙi, sai aka buga senti da baƙin ƙarfe mai rufin tutiya. 'Yan kaɗan ne aka buga da tagulla bisa kuskure, kuma ɗaya daga cikinsu ne ya yi waccan tsada. A 2025 Amurka ta daina buga senti don hada-hadar yau da kullum, saboda kuɗin ƙera shi ya haura ninki uku na ƙimarsa.

Daga waɗannan misalai za a fahimci cewa tsufa kaɗai ba ya ba kuɗi daraja. Abubuwa uku ne ke yin haka: ƙarancinsa, da rashin cinyewar zanensa, da labarin da ke tattare da shi. Mafi yawan tsofaffin senti ba su da wata tsada, domin an buga su da yawan gaske. Amma kowannensu shaida ne na siyasa da tattalin arzikin zamaninsa.

Wannan ya shafe mu kai tsaye, domin mu ma muna da namu ƙananan kuɗin. A 1907 Turawan mulkin mallaka suka fara buga anini da kwabo masu huji a tsakiya, ɗauke da tauraro mai tsini shida da rubutun Larabci. Akwai ma na 1936 masu sunan Sarki Edward na Takwas, wanda ya yi murabus kafin a naɗa masa kambi. Zuwan naira da kwabo a 1973 ya kawar da tsarin fam da sule, amma harshe bai saki sunayen ba. Ɗalibi yakan ce ba shi da ko sisi, alhali bai taɓa ganin sisin ba, balle ahu ko taro. Idan dattawan da suka yi ciniki da su suka ƙare, kuɗin kuma suka salwanta, kalmomin za su zama fanko.

Saboda haka, ya kamata malamin Hausa ya ɗauki tsohon kuɗi a matsayin kayan koyarwa. Ya nemo anini ko kwabo mai huji daga gida, ya sa ɗalibai su karanta shekararsa da rubutunsa, sannan su tambayi kakanninsu abin da yake saye a da. Ya kuma gargaɗe su kada su goge shi da toka ko yashi, domin gugar tana cinye zanen, ta zubar da darajarsa. Masu iya magana sun ce da tsohuwar zuma ake magani. Anini ɗaya a tafin hannun ɗalibi zai fahimtar da shi abin da dogon bayani a allo ba zai iya ba.